Mai Ɗinkin Kube da Mai Hawa Falwaya

"Na faɗa miki, kuma ba zan canja ba. Muddin ni na haife ki, ba za ki auri mutumin da abincinsa yake a sama ba."

Umma ce ke magana, tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Auta ba ta ɗago ba. Tana zaune a baranda kan ɗan benci, ta matse guntuwar fata tsakanin gwiwoyinta, tana jan zaren da ta shafa wa kakin zuma.

"Umma, ai kowa ma abincinsa daga sama yake zuwa."

Baba da ke kishingiɗe a tabarma ya tuntsire da dariya har da tari. Umma ta juya ta watsa masa harara, duk da ta san idanunsa sun daɗe da daina ganin harara.

"Yi dariya, Malam. Ai kai ka ɗaure mata gindi. Kai ka ba ta akwatin kayan dukancinka, kai ka koya mata baki."

"Akwati dai na ba ta," in ji Baba. "Bakin kuwa, kowa ya san inda ta gado shi."

Umma ta yi ƙwafa ta koma kicin. Sai dai Auta ta ji yadda murfin tukunya ya yi ta kaɗawa a hannun Umma kafin ya zauna, nan take murmushinta ya ɗauke.

Babu wanda bai san abin da ke cin Umma ba a gidan. Yaya, babbar 'yarta, magini ta aura, mutum mai fara'a da son mutane. Wata safiya ya fita aiki a wani bene da ake ginawa, katakon da ya taka ya karye. Umma ce ta buɗe wa waɗanda suka kawo labarin ƙofa, ita ce kuma ta je ta faɗa wa 'yarta. Yaya ta dawo gidan da akwatinta da keken ɗinkinta, ta zama mai ƙarancin magana. Tun daga lokacin, ko kujera wani ya taka zai canja ƙwan fitila, sai Umma ta bar ɗakin.

Ga shi kuma duk mazan garin Auta ba ta ga wanda ya yi mata ba sai Dogo, mai gyaran wutar lantarki, wanda rabin yininsa a kan tsani da falwaya yake yi.

*

Shi ne ma silar sana'ar tata.

Baba baduku ne, ya yi shekaru yana ɗinka jaka da takalmi a rumfarsa kafin ido ya gaza. Da ya rufe rumfar, aka tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado. Auta kuwa ta gama karatu ta yi ta neman aiki har takalminta ya siɗe, ba ta samu ba.

Ranar da wayar gidansu ta ƙone aka kira Dogo. Ta fito ta same shi a kan tsani, tasta mai gwada wuta a baki, filaya a aljihun baya, tef a wuyan hannu, sukudireba kuma ya saƙale shi a bayan kunne. Yana miƙa hannu sukudireban ya suɓuce, ya faɗo ya soke a ƙasa dab da ƙafarta.

"Malam, kashe ni aka turo ka yi ko gyaran wuta?"

Bai iya ba ta amsa ba, saboda tastar da ke bakinsa. Sai idanu da ya zaro, abin da ya sa ta dariya har ta dafa bango.

Da ya sauko ta karɓi kayan nasa ta jera kan takarda, ta zagaye kowanne da fensir. Da yamma ta jawo akwatin Baba. Baba ya ji ƙarar murfin, ya tashi zaune kamar an kira sunansa.

Kuben farko da ta ɗinka wa kayan nasa, a rana ta shanya shi, ya bushe ya ƙandare kamar ƙashi. Baba ya shafa shi da yatsa ya ce wannan ko kare aka jefa da shi sai ya kai ƙara. Shi ya nuna mata yadda za ta jiƙa fatar, ta naɗe filayar a leda ta cusa ciki, ta bar shi a inuwa har fatar ta ɗauki siffar abin da za ta riƙe. Ya koya mata huda ramuka a jere, da goge baki da guntun katako har ya yi santsi.

Na biyun ya zauna ɗaram a ƙugun Dogo. Bai yi mako da shi ba abokan aikinsa suka fara sallama a ƙofar gida. Bayansu mai aski ya zo yana son na almakashi, mahauci ya kawo wuƙaƙensa a ƙunshe cikin tsumma, masu babur suka ce a yi musu na waya wanda ba zai faɗi a gargada ba. Auta ta fitar da ɗan tebur bakin ƙofa, ta kafa ƙusoshi a allo ta rataye samfuri. Ba wata babbar kasuwa ba ce. Amma ta kai ta sayi fata da kanta, ta cika wa Umma buhun gawayi, ta kuma saya wa Baba maganin ido ba tare da ta tambayi kowa ba.

Umma ba ta ƙi sana'ar ba. Wanda ya kawo ta ne ba ta so.

*

Ranar Asabar Umma ta share falo har sau biyu, ta shimfiɗa sabon mayafin kujera.

"Ki wanke hannun nan da kyau," ta ce wa Auta. "Ɗan aminiyata zai zo."

Mai Kanti ke nan, wanda ke da shagon jaka da takalma a babban titi, mai ƙofar gilashi da fanka a sama. Da mugu ne ko mai girman kai, da abin ya zo wa Auta da sauƙi. Sai ya kasance mutum mai kunya da ladabi, wanda ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya kuma tambayi lafiyar Yaya.

Da aka bar su su biyu, ya ɗauki wani kuben waya da ta gama ya juya shi a hannu, ya ja ɗinkin da farce.

"Wallahi aikinki ya fi na kamfani. Ba zuga ki nake ba, na san fata."

"Na gode."

"Ga abin da na yi tunani. Duk abin da kika zana, ni zan ɗauka. Zan sayi keken ɗinkin fata, in ɗauki ma'aikata su riƙa fitarwa da yawa. Ke kuma ki zauna a gida, ki riƙa ba da umarni kawai."

Ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu ya ajiye a gabanta. Man shafawa ne mai tsada. Auta ta kalli yatsunta, rini ya shiga ƙarƙashin farce, zare ya yi mata kanta a gefen ɗan yatsa. Ta ji kunya ta kama ta, sai kuma ta ji haushin kanta da ta ji kunyar.

"Wanda zai saya a shagonka ba zan ga hannunsa ba," ta ce a hankali. "Mai askin nan bahago ne, sai da na juya masa bakin kuben. Mahaucin kuma yana da tumbi, in na yi masa irin na kowa wuƙar cinyarsa za ta riƙa suka."

Mai Kanti ya yi dariya sosai.

"To, ai ba dole sai kowa an auna shi ba. Ni dai so nake ki huta."

"Ban gaji ba."

Ya kalle ta kamar wanda aka ba amsa da yaren da bai iya ba. Can ya miƙe ya gyara hularsa.

"Ba na son in ɓoye miki komai. Na yi magana da Umma, ta ce ba ta da ja. Ƙarshen wata kawunnaina za su zo wurin Baba."

Auta ta bi shi da ido har ya fita. Ta leƙa kicin, ta ga Umma tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabonta da yi tun kafin rasuwar mijin Yaya.

Wannan waƙar ta fi komai yi mata ciwo.

*

Labari ba ya kwana a unguwa. Washegari da hantsi Dogo ya iso bakin teburinta.

Tun daga nesa ta ga wani abu ya canja. Ya sa riga mai guga, ya taje kai, ƙugunsa kuma babu komai. Ya zo ya tsaya, ya ciro kuben nan na biyu daga leda, wanda gumi da rana suka mayar da shi ja wur, ya ajiye a gabanta.

"Ya tsinke ne?" ta tambaya.

"Ko zare ɗaya bai motsa ba."

"To mene ne?"

Ya zauna a bencin masu jira, ya haɗa dogayen hannayensa tsakanin gwiwa.

"Na samu aiki, Auta. Wani mai shagon kayan wuta yana neman mai tsaron sito. Kujera ce da tebur, ko kan buhu ba zan taka ba. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma za mu ci. Ki faɗa wa Umma na sauko. Na sauko ke nan har abada."

Ta san mutumin nan. Ta san yadda yake ba da labarin ranar da ya mayar wa wani asibitin haihuwa wuta, ya ji ihun murnar ma'aikatan tun yana sama. Ta san yadda yake cewa daga kan falwaya ana ganin rufin gidansu, har yakan gane ranar da ta yi wanki.

Hawaye suka cika mata ido.

"Za ka tsane ni."

"Subhanallahi! Ni?"

"Ba yau ba. Ba bana ba ma. Amma wata rana kana zaune a siton nan kana ƙirga kwalaye, abokanka za su wuce da tsani a kafaɗa suna dariya. Ka dawo gida ka kalle ni, ba za ka ce komai ba, ni kuma zan san abin da ka yi shiru a kai."

"Auta, ke na fi so a kan falwaya."

"Na sani. Shi ya sa ba zan karɓa ba." Ta share ido da gefen mayafi, wasu suka sake zubowa. "Jiya wani ya zo ya ce in ajiye allurata in huta, don yana sona. Na ji kamar an ce in cire hannuna in ajiye a kwano. Yau kuma in sa kai ka yi abin da na ƙi yi? Wace irin mace zan zama?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ya kike so in yi? Ƙarshen wata fa aka ce. Ni ba ni da shago mai gilashi, ba ni da uwar da take aminiyar Umma. Abin da nake da shi kawai na kawo."

"Ba zan aure ka Umma tana kuka ba," ta ce. "Wannan ka sani tun farko. Amma kuma ba zan auri wani ni ina kuka ba. Baba ba zai yi min dole ba."

"Me ya rage ke nan?"

"Jira."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Dogo. Wallahi ban sani ba."

Ta tura masa kuben. Bai ɗauka ba. Ta sake turawa har ya taɓa hannunsa.

"Ɗauki kayanka ka tafi aiki. Rigar nan ma ba ta yi maka kyau ba, ka yi kama da mai zuwa neman bashi."

Dariya ta ƙwace masa alhali idonsa ya yi ja. Ya ɗauka, ya zura a bel ɗinsa a kan rigar mai guga, ya tafi yana waiwaye.

Ba su san Yaya tana bayan ƙofa ba, ta fito zubar da ƙyallaye ta tsaya cak, ta ji komai.

*

Auta ba ta jira ƙarshen wata ba. Ta shirya da kanta ta je shagon Mai Kanti, ta faɗa masa gaskiya a tsaye, don ta ce bai cancanci ya ji a bakin wani ba. Ya daɗe yana gyara takalman da ba su karkace ba a kan kantar shagon.

"Mai wutar nan ne ko?"

"Shi ne."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya ja numfashi. "Man kuwa ki riƙe, hannu hannu ne ko wa za ki aura. Kuma in kin samu sarari ki kawo min na waya ko kaɗan ne, ana tambaya."

Ta fito tana jin nauyinsa fiye da yadda ta shiga.

A gida kuwa ta tarar labari ya riga ta. Umma ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta daina yi mata magana sai abin da ya zama dole. In Auta ta gaishe ta, sai ta amsa tana kallon wani wuri. Baba ya yi ƙoƙarin sa baki, Umma ta ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

"Ko ya hau falwaya?" in ji Baba.

Ranar babu wanda ya yi dariya.

Ana cikin haka, wata safiya Umma da Yaya suna wanki a tsakar gida, Auta tana baranda tana yanka fata. Yaya ta matse zane ta ajiye a bokiti, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Umma, kin taɓa tambayata ko na yi nadama?"

Hannun Umma ya tsaya a cikin kumfa.

"Nadamar me?"

"Auren da na yi."

"Wace irin magana ce wannan da safe?"

"Shekara da shekaru kuna lallaɓa ni kamar ƙwai. Ba a ambatar sunansa a gabana. Yanzu kuma an mayar da ni abin tsorata Auta, ana nuna ni ana cewa kalli yadda ake ƙarewa." Ta ɗago ta kalli uwarta. "Umma, mutumin nan bai taɓa shigowa gida bai sa ni dariya ba. Yakan dawo da siminti har cikin gira, in ce ya je ya yi wanka, ya ce sai na fara faɗa masa wa ya fi shi kyau a layin. Wallahi da za a dawo da ni ranar da ya fara sallama a ƙofar nan, a ce min ga yadda za ta ƙare, ga ranar, ga katakon, sai na sake cewa ina so."

Auta ta ajiye wuƙar. Tunda Yaya ta dawo gidan ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba.

Umma ta zauna a kan turmin da ke kife, hannayenta suna ɗigar da ruwa.

"Ke ba ki ga fuskarki ba a ranar," ta ce, hawaye suna bin kumatunta. "Ni na gani. Ni na tsaya a gabanki na buɗe baki na faɗa miki. Na ga yadda 'yata ta mutu a tsaye tana kallona. Ki ce in sake? In sake tsayawa gaban wata in faɗi irin wannan? Ba zan iya ba. Ku yafe min, ba zan iya ba."

Yaya ta durƙusa ta rungume ta, jiƙaƙƙun hannayensu suka haɗu.

"Ban mutu ba, Umma. Ga ni. Ciwo na ji, kuma har gobe ina ji. Amma ciwon abin da na samu ne na rasa. Kada ki sa Auta ta yi ciwon abin da ba ta taɓa samu ba."

Auta ta taso ta durƙusa ta ɗaya gefen, ta kifa kai a cinyar uwarta. Su uku suka yi ta kuka a tsakar gida, har Baba ya lalubo bango ya fito yana tambaya ko wani ne ya rasu.

Umma ba ta ce ta yarda ba. Amma da rana, da ta zuba abinci, ita da kanta ta kai wa Auta nata baranda, ta ce ta ci kafin ya huce.

*

Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa da iska mai ƙarfi da asuba. Gari ya waye reshen bishiya ya faɗa kan wayar layinsu, ya tsinke ta daga falwayar da ke daura da ƙofar gidan. Kafin hantsi motar masu gyara ta iso.

Auta tana jera kaya a teburinta ta ga wanda ya sauko da tsani. Ta juya da sauri don ta ja ƙofa kada Umma ta gani, sai ta yi karo da ita a tsaye a bayanta, da tsintsiya a hannu.

"Umma, shiga ciki, yanzu za su gama."

"Matsa min."

"Umma, don Allah..."

"Na ce ki matsa."

Umma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Dogo ya hango ta, ya rusuna daga nesa ya gaishe ta. Ba ta amsa ba, bai kuma jira amsa ba. Ya yi magana da na ofis a waya ya tabbatar an kashe layin, ya sa hular kwano da safar hannu, ya jijjiga tsanin ya ga ya zauna, ya sa abokin aikinsa ya riƙe. Sannan ya fara hawa.

Auta ta ji hannun Umma ya damƙi damtsenta. Da kowane mataki riƙon yana ƙara ƙarfi, har farce ya shiga fata. Leɓunan Umma suna motsi da addu'a, amma ba ta kawar da kai ba, ba ta rufe ido ba.

Da ya kai sama ya zagaya ɗamarar tsaro a jikin falwayar ya ɗaure, ya jingina da ita a hankali ya gwada, kafin ya saki hannu. Ya ɗora tasta a kan wayar duk da an ce masa an kashe. Hannunsa yakan sauka ƙugu ya ɗauko filaya ba tare da ya duba ba, ya gama ya mayar, ya ɗauko wani. Ba gaggawa, ba wasa, ko sau ɗaya bai kalli ƙasa don ya burge kowa ba.

Maƙwabta sun fito suna kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka, ba don su ba da a duhu za mu ƙare."

Umma dai idonta yana kansa har ya kwance ɗamarar ya fara saukowa. Sai da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sannan ta saki wani dogon numfashi, ta saki hannun Auta. Jim kaɗan aka maido da layin, rediyon Baba ya kama magana daga cikin gida, yara suka sa ihu a layi.

"Je ki kawo ruwa," in ji Umma.

Auta ta ruga ta dawo da kofi. Umma ta karɓa, ta ɗaga murya.

"Kai! Zo nan."

Dogo ya cire hular kwano ya taho, ya durƙusa a gabanta, gumi yana tsiyaya daga goshinsa. Ta miƙa masa kofin. Ya karɓa da hannu biyu ya sha, idonsa a ƙasa.

Umma ta sunkuya ta kama ɗamarar tsaron da ke rataye a kafaɗarsa. Ta bi ta da yatsa kamar mai zaɓen atamfa a kasuwa, har ta kai wani wuri da bakinta ya fara sabulewa.

"Wannan fa?"

"Tana da sauran ƙarfi, Umma."

"Ban tambaye ka ƙarfinta ba. Da wannan tsumman kake rataye ranka a sama? Kada in sake ganin ta a jikinka. Ka sa a ba ka sabuwa, in sun ƙi ka saya da kuɗinka, ka kawo min in gani da idona."

"To, Umma. In sha Allahu."

"Ranar da za ka kawo ta, ka taho da manyanka. Malam yana gida kullum, ba inda yake zuwa."

Kofin ya kusa suɓucewa daga hannunsa. Ya ɗago ya kalli Umma, ya kalli Auta da ta toshe baki da mayafi.

"Ban gama ba," in ji Umma. "Sharaɗina ɗaya ne, in ka karya shi ban yafe ba. Duk ranar da ka hau, in ka sauko, ni za ka fara kira. Ba ita ba. Ni. Ka ce min, Umma, na sauko. Ko sau nawa ka hau a yini."

Hawaye suka zubo wa Dogo, ƙato da shi, a gaban abokan aikinsa da mutanen layi.

"Na yi alkawari, Umma."

Daga cikin gida muryar Baba ta taso, ashe ya lallaɓo har bayan ƙofa yana saurare.

"Ikon Allah! Ni shekara nawa ina fita ina dawowa a gidan nan, ba a taɓa cewa in kira ba."

Umma ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki tsintsiyarta.

"Kai ina ka taɓa hawa, Malam, in ban da gado?"

Layin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har da Yaya da ke leƙe ta taga. Umma ta shige ciki tana faɗan an bar mata ganye a ƙofar gida.

Motar masu gyara ta yi ƙaho, akwai wani layin da ke jira. Dogo ya miƙe ya mayar wa Auta kofin, ya ruga ya haye baya. Ita kuma ta koma teburinta, inda mahauci ya daɗe a tsaye da sabuwar wuƙa a hannu yana jiran a auna. Ta shimfiɗa takarda ta ɗauki fensir ta zana wuƙar.

Ba ta gama yankan fatar ba ta ji wayar Umma tana ƙara a kicin. Aka ɗauka tun kafin ta yi ƙara ta biyu.

"To, alhamdu lillahi," ta ji Umma tana cewa. "Ka ci abinci kuwa?"